Filin Tambayoyinku: Wai ita "OK" ɗin nan daga ina ta fito?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan fili, na Makka da Madina da Jidda da Riyad, har da masu karanta mu daga Ɗa'if da Dammam. Wannan karon saƙonninku sun taru a kan kalma ɗaya tal, wato OK, ko oke kaman yadda bakinmu ke faɗinta, shi yasa naga gara in haɗa su wuri ɗaya in amsa, tunda dai ba gidan da kalmar nan bata shiga ba, daga tsohuwar da bata taɓa zama a aji ba har jikanta mai jawwal a hannu. Bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, an turo mana wani saƙo a guruf ɗin 'yan ajinmu na WhatsApp wai asalin OK daga yaƙin basasan Amurka ne, wai in sojoji sun dawo daga fagen fama ba a kashe musu kowa ba sai su rubuta sifili da harafin K a allo, wato "0 killed", ma'ana ba wanda aka kashe. Sai wani yace ƙarya ne, sunan wani shugaban ƙasa ne. Har gardama ta kaure wallahi. Dan Allah wanne ne gaskiya?
*Ɗalibi daga Madina*

Amsa: Ƙanena, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Labarin sojojin nan ya daɗe yana yawo, akwai shi da Larabci akwai shi da Hausa, kuma yana da daɗin ji shi yasa mutane ke turawa basu tsaya sun duba ba, amma lissafin shekaru kaɗai ya isa ya kayar da shi. A 1861 aka fara yaƙin basasan Amurka aka gama a 1865, ita kuwa OK tun ranar 23 ga Maris 1839 ta fito a jarida, kaga kenan ta girmi yaƙin da shekara 22 cur. Abokinka mai maganar shugaban ƙasa ya fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma rabin labarin ya riƙo.

Ga yadda abin yake. A birnin Boston wajajen 1838, samari 'yan boko da 'yan jarida suka ɗauko wani yayi na gutsure magana su mai da ita haruffa, kaman dai yadda yaranmu yau suke rubuta slm da ykk da wlh da ngd a waya. Su kuma sai suka ƙara da wani shaƙiyanci, sai sun ɓata rubutun kalmar da gangan tukuna sannan su ɗauki haruffan farko, duk don raha. Misali "no use", wato ba amfani, sai su rubuta "know yuse" su taƙaita K.Y., "all right" kuma ta koma "oll wright" suna rubuta O.W. To a cikin wannan ayarin ne "all correct", wato komai daidai, ta koma "oll korrect" aka ɗauki O da K. Da ƙa'idar rubutun Turanci aka bi da yanzu A.C. muke cewa. Jaridar Boston Morning Post ce ta fara bugawa, editanta a lokacin sunansa Charles Gordon Greene, a cikin wani rubutu ne na zolaya da yake tsokanar wata jarida ta garin Providence, ya sa o.k. da ƙananan haruffa sannan ya rubuta ma'anarta a gefe saboda ya san masu karatu basu saba da ita ba.

Sauran 'yan uwanta duk sun mutu, wa ke tuna K.Y. yau? Ita siyasa ce ta raya ta. A 1840 shugaban Amurka na 8, Martin Van Buren, yana neman zarcewa, shi kuma haifaffen wani ƙaramin gari ne Kinderhook a jihar New York shi yasa ake masa laƙabi da Old Kinderhook, wato dattijon Kinderhook. Magoya bayansa suka ga ai haruffan laƙabin nan sun zo daidai da sabuwar kalmar da ake yayi, sai suka kafa ƙungiya a New York suka sa mata O.K. Club. 'Yan adawa kuma suka juya abin, suka baza cewa wai Andrew Jackson, shugaban da ya gabace shi kuma ubangidansa a siyasa, shi ne bai iya rubutu ba yake sa OK a takardu yana zaton haka ake rubuta "all correct". Ƙage ne irin na lokacin zaɓe, amma tsakanin masu yabo da masu zagi sai da kalmar ta zaga ƙasar kaf. Van Buren dai ya sha kaye a hannun William Henry Harrison. Kuma ga wani abu da nasan zai burge ku, ku da kuke kwana da Hausa ku tashi da Larabci, shi Van Buren ɗin Turanci ba harshen gidansu bane, da yaren mutanen Holan ya tashi, a shugabannin Amurka shi kaɗai ne haka.

Bayan zaɓe sai wayar tangaraho ta karɓe ta. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙo daga Washington zuwa Baltimore, daga nan wayoyi suka bazu, ma'aikatan tangaraho da na jirgin ƙasa kuma suna buƙatar gajeriyar alama da zasu nuna saƙo ya iso an gane, haruffa biyun nan suka yi musu daidai. Daga nan ta shiga ofis ta shiga kasuwa, har ranar 20 ga Yuli 1969 da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, oke na cikin kalmomin farko da suka fito daga bakin Buzz Aldrin yana tabbatar da an kashe inji.

In 'yan guruf suka ce ina hujja, kace musu Allen Walker Read, farfesa ne a Jami'ar Columbia, shi ya zauna ya bi tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya ya buga abin da ya gano a mujallar American Speech a 1963 da 1964, kuma manyan ƙamusoshin Turanci bayaninsa suke bi har yau.

Tambaya: Salam Malam. Ni haifaffen Mai Wurno ne a Sudan, yanzu ina Jidda tun bayan da yaƙi ya ɓarke. Naji wani a YouTube yana cewa kalmar OK tamu ce ta Afirka, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai ta Amurka Turawa suka sace. Gaskiya naji daɗin maganar, amma inaso in tabbatar kafin in faɗa wa yara.
*Wani ɗan uwa daga Jidda*

Amsa: Ɗan uwa, Allah ya kawo zaman lafiya Sudan ya mai da kowa gidansa lafiya, amin. Maganar da kaji ba mai YouTube ɗin ne ya ƙirƙire ta ba, wani masanin harsunan Afirka ɗan Ingila David Dalby ya kawo ta wajajen 1970, yace a yaren Wolof na Senegal da Gambiya akwai "waaw kay", wato eh ƙwarai, kuma Mandinka ma suna da mai kama da ita. Ba magana bace ta wofi, domin akwai kalmomin da suka tsallaka teku a bakin bayi da gaske. Sunan kuɓewa a Turanci, "okra", daga Afirka ta Yamma ya fito, Inyamurai na ce mata okwuru. A jihohin kudu na ƙasar Amurka ana ce wa gyaɗa "goober", daga nguba ta mutanen Kwango da Angola. Waɗannan ba mai ja.

Amma ita OK takardarta a fili take, ga rana ga wata ga shekara, ga sunan jarida, ga ma'anarta a rubuce a gefenta, ga kuma 'yan uwanta irin su O.W. da K.Y. da aka haifa tare. Shi yasa yawancin masana basu karɓi bayanin Dalby ba. Kuma ba mu kaɗai muka taɓa cewa tamu ce ba, Indiyawan daji na ƙabilar Choctaw suna da "okeh" mai ma'anar haka ne, har shugaba Woodrow Wilson da ya mulki Amurka daga 1913 zuwa 1921 ya yarda da wannan yana rubuta okeh a takardun ofis. Girkawa sunce daga "ola kala" ɗinsu ne, komai lafiya. Ni abin da na fahimta a nan shi ne, sautin o da k da e kusan ba harshen da babu su, shi yasa kowa ya lalubi yarensa sai ya samo mai kama da ita, kuma wannan ɗin ne ya sa ta bi duniya ba wahala. Ka dai ji yadda Balarabe ke fama da p da v tunda babu su a Larabci, Pepsi ta koma bebsi, amma oke bata taɓa ba bakin kowa wahala ba. Ka faɗa wa yara labarin kuɓewa da gyaɗa da ƙarfin gwiwarka, wannan namu ne ba shakka, kuma akwai tarihin kakanni a cikinsa da ya kamata su sani.

Tambaya: Malam wai da gaske ne cewa OK haramun ne, kalmar kafirai ce mai ɓoyayyar ma'ana? A wani guruf na mata aka turo.
*Wata baiwar Allah daga Hindawiyya, Makka*

Amsa: 'Yar uwa, fatawa ta malamai ce, amma tarihin kalma ga shi nan a sama kin gani, ba coci a ciki ba gunki, wasan 'yan jarida ne da siyasa. Irin saƙon nan ɗan uwan wanda ake turawa ne wai "bye" na nufin kana cikin kariyar Fafaroma, shi ma ba shi da tushe. Inda nake ganin ya kamata a kula shi ne wurin alƙawari, in aka ce gobe zaki zo, oke bata tsaya a madadin in sha Allah ba, ki duba Suratul Kahfi aya ta 23 da 24.

Tambaya: Malam ni uwa ce, ina Shara Mansur shekara da shekaru, 'ya'yana duk a nan Makka aka haife su. Babbar 'yata tana aure a Jidda. Zan zauna in yi mata dogon saƙon murya ina mata nasiha a kan zaman aure ina sa mata albarka ina mata addu'a, sai kawai ta turo min ok. Wani lokacin ma k kawai harafi ɗaya. Wallahi raina ɓaci yake har in kasa barci. Ƙannenta sunce Umma ba komai bane haka ake yi yanzu. To ni ce ban waye ba ko ita ce ta raina ni?
*Hajiya daga Shara Mansur*

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya shirya mana zuri'a. Wasiƙarki ce ta fi tsaya min a rai a duk na wannan karon, kuma tun farko bari in ce miki ba rashin wayewa bane, kunnenki daidai ya ji.

Ita OK aikinta ɗaya ne tun daga zamanin tangaraho, saƙo ya iso, an gane, ba matsala. Bata ɗauke da daɗi bata ɗauke da ɓacin rai, ba godiya a cikinta ba girmamawa, kuma wannan ne ya sa take da amfani a ofis da filin jirgi da asibiti inda ake son magana a taƙaice. Ko su Turawan in aka tambayi mutum ya abincin yace oke, to ba yabo ba fallasa yake nufi, an dai ci an ƙoshi. To ke kuma ba saƙon ofis kika tura ba, zuciyarki kika tura, sai aka dawo miki da amsar da ake ba mai kawo kaya.

Kuma abin da nake so 'yarki da sa'o'inta su duba shi ne, duk harsunan nan biyu da suka tashi da su ba wanda ya yarda a amsa wa uwa haka. A Hausa muna da "to", amma to ɗinmu bata tafiya ita kaɗai in babba ake amsa wa, sai an ce to Umma, to Baba na ji, to in sha Allah zan kiyaye, na gode Allah ya ƙara girma. Kuma ita to a baki ake gane ta, akwai to ta biyayya, akwai wadda ake ja tooo in an ji abin mamaki, akwai to fa, akwai to shikenan ta wanda ya haƙura ba don ransa ya so ba, akwai to madalla. Murya ce ke rarrabe su, uwa na jin to ɗin ɗanta ta san ko ya yarda ko gunaguni yake a ciki. A Larabcin ƙasar nan ma haka ne, ki saurari yaron Basa'ude mai tarbiyya in mahaifinsa ya kira shi, zaki ji sam, ko labbeh, in an aike shi yace abshir, ko hadir, ko ala rasi. Mutanen Sudan su ce hadir ya hajja, ko samih. Ɗayyib da tamam da mashi suna nan, su ne suka fi kusa da oke, amma ko su ɗin akan haɗa da ya ummi ko ya yubba. To yarinyar da ta gaji to Umma ta gaji abshiri, me zai kai ta ga harafi ɗaya?

Ƙannenta da suka ce ba komai bane, a tsakaninsu gaskiya suka faɗa, aboki da aboki ok ta wadatar. Amma ki tambaye su, in saurayi ya rubuta wa budurwa dogon saƙo ta amsa da k, lafiya? Zasu yi dariya su ce miki fushi take. Su kansu sun san k amsar mai fushi ce, ko ta wanda yake son a rufe zancen, haka ma OK da aka ɗiga wa aya a ƙarshe ana jinta da sanyi. Shi yasa zaki ga suna rubuta okk ko okayyy ko su liƙa mata fuskar murmushi da zuciya, duk dabara ce ta sa wa kalmar ɗumin da bata da shi. Har ma akwai inda ta zama makamin raina manya ƙiri-ƙiri, a 2019 matasan Turawa suka ɗauko "OK boomer" suna faɗa wa dattawa, ma'ana mun ji tsoho, yi shiru haka nan, har wata 'yar majalisar New Zealand Chlöe Swarbrick, tana da shekara 25 a lokacin, ta jefa wa wani ɗan majalisa ita a zauren majalisa da ya katse ta.

Duk da haka Hajiya ban ce 'yarki raina ki tayi ba. Mai aure da yara, ga girki ga miji ga wataƙila shugul, sau da yawa saƙon na shigowa hannunta ɗaya a tukunya, sai ta danna abin da yatsa ya saba don ki san ta gani, da niyyar zata kira daga baya sai mantuwa ta shiga. Kar ki bar abin a ciki yana cinki har ya hana ki barci. Ki kira ta da baki, ba a rubuce ba, kice mata 'yar nan in na yi miki addu'a amin nake son ji, in ba ki da lokaci ki bari sai kin samu ki amsa min da muryarki. Yawancin yaran nan ba wanda ya taɓa faɗa musu haka ne. Ke kuma 'yata in kina karanta wannan, addu'ar uwa amin ake ce mata, kuma saƙon murya na sakan goma ba zai ƙona miki miya ba.

Tambaya: Malam ni direban gida ne a Riyad. Yaron gidan ya nuna min sakamakon jarabawarsa, sai na haɗa babban yatsa da manuni na yi masa alamar OK ina kaɗa hannu don in nuna ya yi ƙoƙari, sai naga yaro ya ɓata fuska ya ruga wurin madam. Me na yi?
*Direba daga Riyad*

Amsa: Ɗan uwa, kaɗa hannun ne ya jawo. A ƙasashen Larabawa da dama in babba ya yi zoben nan da yatsu yana kaɗa shi yana kallon yaro, gargaɗi ne, ma'ana zaka gamu da ni, iyaye mata sun fi yinsa. Matasansu dai suna tura hoton alamar a waya da ma'anar abu ya yi kyau, amma a ido da ido tare da kaɗawa fassarar gida yaro zai ɗauka. Alamar nan ma ba ma'ana ɗaya take da ita a duniya ba, a Japan kuɗi take nufi, a Faransa sifili wato ba ka da amfani, a Brazil kuwa zagi ne mai nauyi, masu nutso a teku kuma da ita suke nuna lafiya lau suke a ƙarƙashin ruwa. Ka yi wa madam bayani kai tsaye, gaba kuma kace masa ma sha Allah, mabruk, ya fi masa daɗi ma.

Tambaya: Malam ina sai da abaya da turare a Balad, lokacin Umra ina samun kwastomomi 'yan kudancin Najeriya sosai. Wata ina zuba mata turare tace "it's okay", ni na ɗauka ya yi mata na ci gaba da zubawa sai ta hau faɗa, har tace min "are you okay?" nace mata lafiyata ƙalau sai ta ƙara fusata. Wata kuma ta tambaye ni ko ina da kayan OK. Dan Allah a warware min.
*Hajiya mai shago, Jidda*

Amsa: Hajiya Allah ya ba da kasuwa. Turancin Najeriya ya ba kalmar nan wasu ayyuka na kansa. In ana zuba wa mutum abu yace "it's okay", ya isa haka yake nufi, ki tsaya. In kika miƙa masa abu yace "I'm okay", a'a na gode kenan, ba wai ya karɓa ba. Ita kuwa "are you okay?" a bakin Bature tambayar lafiya ce, amma a bakin ɗan Legas da ransa ya ɓaci daidai take da anya kina da hankali kuwa, shi yasa amsarki ta ƙara tunzura ta, fuska da murya zaki duba ki gane wacce ake nufi. Kayan OK kuma gwanjo ne. A kudu ana ce wa gwanjo okrika, daga sunan garin Okrika na jihar Ribas da ke bakin ruwa, sai masu jin nauyin faɗa suka taƙaita suka ce OK. In wata ta sake tambaya ki kwatanta mata Harajin Sawarik a kudancin Jidda.

Tambaya: Malam ni ban iya karatun Larabci sosai ba, Turanci ma kaɗan ne. In saƙo ya fito a wayata sai in danna OK kawai ya wuce. Kwanaki kafilina ya turo min wata takarda a WhatsApp na amsa da ok don ya san na gani, yanzu yana cewa ai na yarda da abin da ke ciki. Hakan zai yiwu?
*Ma'aikaci daga Dammam*

Amsa: Ɗan uwa wannan ita ce OK mafi haɗari, kuma kai ba kai kaɗai bane, da yawa cikin mutanenmu haka suke yi. Maɓallin nan da kake dannawa tun farko don neman yardarka aka yi shi. Lokacin da kamfanin Apple ke gwajin kwamfutar Lisa da ya fitar a 1983, "Do It" suka rubuta a maɓallin, wato aikata, sai wani mai gwaji ya karanta shi "Dolt", ma'ana dolo, yaƙi dannawa yana jin haushin na'ura na zaginsa, shi ne suka canza suka sa OK. Ka lura a wayar da aka saita da Larabci sau da yawa muwafiƙ ake rubutawa a wurin, wato na amince. Ba kullum "na gani" kake cewa ba in ka danna, sau da yawa "na amince" kake cewa.

A hira ma ok na iya zama hujja a kan mutum. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke wa wani manomi biyan sama da dalar Kanada 82,000, saboda an turo masa hoton kwantiragi a waya ya amsa da alamar babban yatsa, yace shi nufinsa ya gani ne kawai, alƙali ya duba ya ga a cinikinsu na baya da ok da makamantanta yake amsawa kuma ya kawo kaya, sai yace wannan ma yarda ce. Dokar Kanada daban ta nan daban, amma ya ishe ka gane cewa kalmar na da fuska biyu kuma mai neman hujja wadda ta yi masa zai ɗauka.

A nan Saudiyya kwantiragin ma'aikatan kamfani a dandalin Qiwa ake tabbatar da shi, kai da kanka zaka shiga ka karɓa ko ka ƙi, na masu aikin gida kuma ta Musaned yake bi. Don haka ka samu wani amintacce da ya iya Larabci, ɗan unguwa ko limamin da kuke salla tare, ya karanta maka takardar da aka turo layi-layi, sannan ku shiga ku duba abin da ke rubuce da sunanka a can, albashi da awannin aiki da tsawon kwantiragi. In abin da ke takardar bai maka ba, ka rubuta wa kafilin a fili cewa ok ɗin da na turo na nuna saƙo ya iso ne, ban amince ba, ka ajiye hoton hirar, in kuma ya matsa akwai ofishin ƙwadago. Daga yau in takarda ta zo ka rubuta wasal, wato ta iso, ko kace zan karanta in ba da amsa. Haka kuma in buƙata ta fito maka a Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidarka, ko lambar sirri ta shigo daga banki ko Absher, dandalin ayyukan gwamnati, alhali ba kai ka nema ba, kar ka danna komai kuma kar ka karanta wa kowa lambar a waya, ko da yace daga jawazat, ofishin fasfo da iƙama, yake kira.